Kwanon Gidan Dokta Abdullatif

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Wakilin mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Mai Unguwa, Allah ya ja kwana. Malam Liman, Allah gafarta malam. Farfesa Khadijat, shugabar sashen da marigayi ya yi aiki, tare da malamai da ɗaliban da suka taso daga Dutsin-Ma cikin wannan rana, sannunku da hanya. Yaya Alhaji Ummaru, babban wanmu, wanda yanzu shi ne uba a gidan nan. Rekiya, matar marigayi, kina cikin gida kina takaba, amma na san lasifika tana kai miki. Kamilu da Fiddausi, 'ya'yanmu. 'Yan uwa na Tamawa, maƙwabta na nan Kurfi, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo ya zauna a ƙofar gidan nan, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Zaharaddin. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a firamare kafin in ajiye alli. Mahaifiyata ƙanwar mahaifin Dokta Abdullatif Mamuda ce, wato ni taubashinsa ne. Da kwamitin taron nan suka zauna neman wanda zai yi magana, sai suka ce a ba Malam Zaharaddin, shi ne mai baki. Na karɓa. Amma ku sani tun yanzu, bakin nan da ake yabo shi ne mafarin abin da zan faɗa muku.

Yau kwana arba'in da muka kai Abdullatif makwancinsa. Ranar sadakar uku, 'yan uwan Rekiya sun taru sun toya waina, aka rarraba gida-gida kamar yadda muka saba. Na ga abin da aka yi da wainar nan. Wasu gidajen sun mayar da ita, wai an gode, an ƙoshi. Wasu sun karɓa don kunya, suka zuba wa awaki. Matan da suka shiga gaisuwa sun yi addu'a, sun yi kuka na gaskiya, amma ko ruwan randar gidan ba su kurɓa ba. Dalilin kuwa kowa a nan ya san shi: ana cewa cutar aladu ce ta kashe Dokta, kuma tana nan cikin gidansa. To a kan wannan na tsaya yau. Mamaci ya riga ya tafi, maganarmu ba ta ƙara masa, ba ta rage masa. Amma ya bar mace da 'ya'ya biyu a cikinmu, kuma shekara biyar ke nan ba a sa hannu a kwanon gidansu.

Bari in fara da mutumin kansa. A Tamawa aka haife mu, wata bakwai ne tsakaninmu, shi ne babba, kuma bai taɓa bari na manta da wata bakwai ɗin nan ba. Tun muna yara, in akuya ta mutu mushe a garken mahaifinsa, Kawu Mamuda, mu gudu muke saboda wari, shi kuwa sai ya tsuguna a kanta yana tambayar me ya kashe ta. Kawu ya sha zane shi a kan haka, bai daina ba. Da ya gama sakandare ya tafi Zariya ya karanci likitancin dabbobi, muka ce to, dama can wajen ya nufa.

Ya kasance mutumin da ba ya yi wa makiyayi ƙarya don ya ji daɗi. In ya duba bijimin sa ya ga ba zai tashi ba, sai ya ce da mai shi, "Malam, nemi wuƙa tun da ransa." Wasu suna jin haushinsa a ranar, su zo su yi masa godiya bayan sati. Ya kasance ranar kasuwa ba ya zama gida. Mutanen Karofi da na Dabawa da nake gani a nan za su ba ku labarin kulan allurarsa da yake ɗaurewa a bayan babur, da yadda yake shiga tsakiyar kara da fararen kaya ya fito kamar wanda ya yi kwaɓa. Ya kasance mai rowar magana. Ni in na yi jimla goma, shi ya yi ɗaya, kuma sau da yawa tasa ake tunawa. Ba zan ce ba shi da aibi ba, don in na ce haka Yaya Ummaru zai ƙaryata ni a gabanku. Taurin kai ne da shi na gidan Kawu. Ranar walimar saukar Fiddausi, ana tsakiyar addu'a ya miƙe ya sa takalmi, wai lokacin awon ɓerayensa ya yi. Kwana uku Rekiya ba ta yi masa magana ba, kuma ni ina bayanta a wannan shari'ar.

Ɓerayen nan su ne aikin da ya sa gaba a shekarunsa na ƙarshe, kuma kaɗan ne a cikinmu suka san me yake yi da su. Asalin abin tun lokacin bautar ƙasarsa ne a kudu. Wani makiyayi ɗan wajenmu da ya kai shanu cin rani ya kira shi ya duba masa saniya. Ya tarar da ita tana goga wuyanta da bishiya har fata ta saɓule, jini na zuba, ita kuwa ba ta daina gogawa ba. Kwana biyu ta mutu, wasu uku suka bi ta. Da ya bincika, sai ya ga shanun suna shan ruwa ne a ƙasan wani wuri da ake kiwon aladu. Cuta ce da gidanta alade ne, babban alade yana iya ɗauke da ita yana kiwonsa lafiya ƙalau, amma in ta tsallaka jikin saniya ko tunkiya ko akuya, sai ta haukata su da ƙaiƙayi ta kashe. Ya ce mini bai taɓa mantawa da fuskar makiyayin nan ba. Shanunmu kuwa kowa ya sani, kudu suke tafiya duk rani, su dawo da damina.

Da ya samu aikin koyarwa a Dutsin-Ma, ya yi shekaru yana neman izini da kayan aiki, har aka ba shi. Ranar da ya zo mana da labarin, muna zaune wajen ciyayya a ƙofar gidan Yaya Ummaru bayan magariba. Mu takwas ne a tabarmar nan, kowa da kwanon gidansa, a jera a tsakiya a ci tare, kamar yadda iyayenmu suka yi. Fuskarsa cike da murna ya ce an kawo masa ƙwayar cutar a cikin 'yar kwalba, zai fara gwaji a jikin ɓeraye. Wani ya tambaye shi, "Dokta, wace irin cuta ce wagga?" Shi kuma da gaskiyarsa ya ce, "Ta aladu ce."

Ni taubashi ne, an ba ni ƙofa, yaya zan yi? Na miƙe na cire hula na ce, "Jama'a, a tashi a yi gaisuwa, yau Kurfi ta yi Sarkin Aladu! A duba kwanon sarki da kyau, kada naman miyar ya zama na talakawansa." Aka yi ta dariya har da masu ƙwarewa. Shi ma ya yi dariya, ya ce, "Kai za mu naɗa waziri, tunda ka hi su ci." A wajena magana ta ƙare ke nan. Wasan taubasai ne, mun yi wanda ya fi wannan sau dubu, kuma al'ada ta ce ba a fushi da shi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ba taubasai ne kaɗai a tabarmar ba, kuma ba masu tabarmar kaɗai ke jin abin da ake faɗa a ƙofar gida ba. Magana zarar bunu ce. Kafin sati sunan ya kai tasha, 'yan acaɓa suna kiransa da shi a bayan idonsa. Kafin wata, an ce yana da garken aladu a bayan jami'a. Kafin Babbar Salla, an ce da hannunsa yake yanka su, yana ɗiban jininsu, har yana kawo saura gida a cikin kulan nan na allura. Duk wanda ya ƙara nasa gishirin ya san kansa. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, ni na ajiye abin a inda za a ɗauka.

Ba wanda ya ce masa uffan. Mu ba ma cewa komai, kun san halinmu. Hannu ne kawai ya daina zuwa. A jera kwanuka takwas, a cinye bakwai tas, na gidan Dokta kuwa gefensa kaɗai ke raguwa. Da ya lura, sai shi ma ya daina sa hannu a namu, don kada ya takura mana. Haka za a zauna ana hira, ana labarin taki da farashin wake, mutum ɗaya yana cin tuwonsa shi kaɗai a tsakiyarmu. Dole in yi wa Malam Liman adalci: ya tashi a masallaci ya ce haramcin alade a cin namansa yake, neman maganin cuta kuwa aikin lada ne ko daga ina cutar ta fito. Muka gyaɗa kai muka ce gaskiya ne, Allah gafarta malam. Da magariba ta yi, hannu bai je ba.

Ni fa? Sati biyu na ci gaba da ci tare da shi, ina ganin kaina jarumi. Sai na ga an fara zagaye nawa kwanon. Washegari na ce likita ya hana ni man gyaɗa, kuma miyar gidan Dokta man gyaɗa ya yi mata yawa. Na faɗi wannan ƙaryar a gaban likita, ina zaune kusa da shi har gwiwarmu tana taɓa juna. Ya dube ni ya ce, "Allah shi sawwaƙe."

Bayan kamar wata huɗu ya yi abin da mai hankali zai yi. Ya ce mana, "Ran Asabar ku taho in kai ku ku gani da idonku. Mota ta ishe mu, in ba ta isa ba in yi sawu biyu." Kowa ya ce in Allah ya yarda. Ran Asabar wannan yana da suna, wancan zai je gona, wani ƙafarsa ke ciwo. Ni kaɗai na shiga motar, kuma ba don kirki ba, don kunyar mahaifiyata da ke raye a lokacin.

Ga abin da na gani, kuma Farfesa tana nan, in na yi kuskure ta gyara mini. Ɗaki ne mai ƙofa biyu, sai an rufe ta farko ake buɗe ta biyu. Ni ba a bar ni na wuce ta biyun ba, ta gilashi na leƙa. Shi kuwa sai da ya cire kayansa ya sa wata doguwar riga, da takunkumi, da safar hannu biyu, da takalmin roba. A ciki akwai kejuna na roba a jere kan kanta, an shimfiɗa musu garin katako, cikinsu ɓeraye farare tas masu jajayen idanu, ba irin namu na rumbu ba. Guda sittin ne, an raba su kashi uku. Kashi ɗaya ba a yi musu komai ba. Kashi ɗaya an sa musu cutar. Kashi na uku an sa musu cutar, ana kuma ba su ruwan ganyen sabara da aka tace, sabarar nan dai da ke bayan gonakinmu, wadda iyayenmu mata ke dafa wa mai jego. Kowane ɓera da lambarsa a wutsiya. Ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa a sikeli, yana duba ido da gashi, yana lura da wanda ya fara susa, yana faɗa wata ɗaliba tana rubutawa. Da ya gama ya cire komai aka sa a tukunyar turiri, ya yi wanka kafin ya fito. Na duba lungu da saƙo na wurin nan, har bayan ginin na zagaya. Ban ga alade ba, ban ga inda alade ya taɓa kwanciya ba.

Na ce masa, "To mi kake nema ga ɓera?" Ya zaunar da ni gaban madubin nan na ganin ƙananan abubuwa, ya sa wani ɗan gilashi mai ɗauke da yankin ƙwaƙwalwar ɓera, siriri kamar fatar albasa. Ya ce in duba. Na ga ɗigo-ɗigo shuɗaye sun yi cincirindo wuri ɗaya. Ya ce, "Wannan shi ne kumburi. Sojojin jiki ne suka taru yaƙi da cutar. Ka tuna gobarar rumbun Baba? Wutar kaɗan ta ci. Ruwan da muka yi ta kwarawa shi ya ruɓar da geron. To haka nike zato ga dabbobin ga, ba cutar kaɗai ke kashe su ba, har da yawan faɗan da jiki ke yi da ita. In na samu abin da zai rage kumburin, wataƙila dabba ta samu kwanakin da za ta tashi." Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni na gani, kuma ji bai koru ba, domin wanda aka aika ya gani bai isar da saƙo ba. Da yamma a tabarma aka ce, "Malam Zaharaddin, mi ka gano?" Ga dama ta zo har gabana. Sai na ce, "Ɓeraye na gani da fanka da sola, sun fi mu gata." Aka yi dariya, aka wuce. Na zaɓi a yi mini dariya a kan in faɗi jimla ɗaya da za ta wanke ɗan uwana. Wannan abin yana ci mini rai, kuma ina jin kunyarsa fiye da sunan da na laƙaba masa.

Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Ya kasance kullum da sassafe yana kan hanyar Dutsin-Ma, Asabar da Lahadi, azumi da salla, domin ɓera bai san hutu ba. Ya kasance in gwaji ya lalace, kamar lokacin da firji ya mutu ya rasa aikin wata shida, ba ya zagi, ba ya neman wanda zai ɗora wa, sai ya sake daga farko. Ya kasance ɗalibansa suna jin tsoronsa a kan abu ɗaya tak: kada ka wahalar da ɓera fiye da yadda aiki ya buƙata. Sun gaya mini in ciwo ya yi wa ɗaya tsanani, shi da kansa yake sumar da shi ya huta, yana cewa wannan ma rai ne, kuma za a tambaye mu.

Me ya samu a ƙarshe? Ba zan ƙara masa abin da bai faɗa ba, don da yana nan zai katse ni. Ɓerayen da aka ba ruwan sabara kumburinsu ya ragu, sun kuma fi sauran daɗewa da 'yan kwanaki, amma yawancinsu sun mutu duk da haka. Na ce masa, "Shekara biyar, 'yan kwanaki?" Ya ce, "Ban samu magani ba. Na dai san abin da na bayana ya kamata shi gwada." An buga aikin, masana sun karanta, kuma Farfesa ta shaida mini ɗalibansa biyu sun ɗora daga inda ya tsaya. Don haka kada wani ya tashi daga nan ya je ya ɗura wa saniyarsa sabara ya ce Dokta ne ya ce. Bai ce ba.

Yanzu ga maganar rasuwarsa. Takardar asibiti ce wannan a hannuna, da izinin Kamilu na kawo ta. Hawan jini ne ya daɗe yana cinsa, bai kula da kansa ba, har ya taɓa ƙoda. Wata bakwai ana kai shi Katsina wankin ƙoda, sau biyu a sati, kafin Allah ya karɓi abinsa. Dattawan Tamawa, ku tuna yadda ƙafafun Kawu Mamuda suka kumbura kafin ya rasu. Irin ciwon ke nan, kuma Kawu bai taɓa ganin alade ba ko a hoto. Ga ɗalibansa can zaune a layi na uku, shekara da shekaru suna shiga ɗakin nan tare da shi, ku dube su da kyau. Rekiya shekara ashirin da bakwai tana wanke masa kaya, lafiyarta ƙalau. Duk mai son karanta takardar nan ya same ni bayan an tashi, in bai iya Turanci ba ni zan fassara masa, wannan karon ba tare da wasa ba.

Saura abu ɗaya, kuma sai da na nemi izinin mai shi kafin in faɗa. Duk shekarun nan, in an tashi daga ciyayya, Abdullatif ba ya wucewa gida da sauran tuwon. Babur yake hawa ya kai wa masu jinya a bakin asibiti, mutanen ƙauye da ba su san sunan da muka sa masa ba. Su cinye, ya wanke kwanon a famfo, ya kai gida. Ya yi haka ne don kada Rekiya ta san ana ƙyamar abincinta. Ni na sani, don na taɓa binsa a baya na gani.

Kwana biyu bayan sadakar uku, da na ga abin da aka yi da wainar nan, na kasa zama. Na zo na yi sallama a zauren nan, Fiddausi ta kira mahaifiyarta, ta tsaya bayan labule. Na gaya mata komai, tun daga hular da na cire. Na ce ta yafe mini, kuma ta sani mijinta ya ɓoye mata ne don yana tausayinta. Sai ta ce, "Malam Zaharaddin, ai na sani. Tun satin hwarko na sani." Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Ba kowa. Shekara ashirin da biyu kwano shina dawo mini daga ciyayya da shatin yatsu ga miya, da guntun tuwo manne a gehe. Rana ɗaya sai ya hwara dawowa a wanke. Yaushe maza suka taɓa wanke kwano?"

Na ce, to don me kika ci gaba da tuƙa na mutum takwas? Ta ce, "In na rage, zai gane na sani. Shina ɓoye mini don kada in ji ciwo, in bar shi shi ga wahalarsa ta tashi banza?"

Jama'a, shekara biyar. Shi yana wanke kwano don kada ta sani, ita tana cika kwano don kada ya san ta sani, mu kuma muna zaune a tabarma muna maganar farashin wake. Ban san ku ba, amma ni tun ranar ban ci abinci na ji daɗinsa ba.

Rekiya, kin ce kin yafe mini a zaure, amma a bainar jama'a na yi laifin, don haka a bainar jama'a nake sake roƙonki. Ki yafe mini, ki yafe wa tabarmar nan tamu. Kamilu, Fiddausi, kun girma kuna jin ana kiran mahaifinku da sunan da ba nasa ba, kuma wanda kuke kira Baba Zaharaddin ne ya raɗa shi. Ku sani ubanku likitan dabbobi ne, mai neman abin da zai tsare shanun talakawa, kuma ya mutu hannunsa tsarkakakke. Ku ɗaga kanku a garin nan. Yaya Ummaru, kai ne babba, a ƙofarka aka fara, kuma na san abin yana damunka ko da ba ka faɗa ba. Abokan ciyayya, saura mu bakwai, duk ina ganinku. Ba zan kira sunan kowa ba, kuma ba zan tilasta wa kowa ba. Wanda ya rigaya ya tafi ba za mu iya zama mu ci da shi ba, wannan ta wuce mu har abada. Amma gidansa yana nan, kuma ana hura wuta a cikinsa kullum.

A madadin iyali, ina godiya ga wakilin mai girma Hakimi da Mai Unguwa da suka girmama wannan zama. Muna godiya ga Malam Liman, wanda ya faɗi gaskiya tun lokacin da ba mu son ji. Muna godiya ga Farfesa Khadijat da mutanenta, waɗanda suka san darajar ɗan uwanmu a lokacin da mu muka jahilce ta. Muna godiya ga duk wanda ya yi ɗawainiya da shi a watannin jinya, da duk wanda ya taka ya zo yau. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Abdullatif ɗan Mamuda ya zo gare ka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa, ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi. Ka ba Rekiya haƙuri da lada, ka raya zuriyarsa a kan alheri. Mu kuma ka yafe mana abin da harsunanmu suka jawo da abin da shirunmu ya jawo, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Kada kowa ya tashi tukuna. Abincin taron nan ba daga wani wuri aka yi odarsa ba, a cikin gidan nan aka dafa shi, kuma Rekiya ce ta tuƙa da hannunta tun safe. Abu ɗaya ta ce in roƙa mata: in an gama, kada kowa ya wanke kwano, a mayar mata da shi yadda yake.

Kamilu, shiga ka ce a fito da abinci. A miƙo mini buta in wanke hannu.